Wa Za Ta Gaya Wa?

Ranar Laraba ake awon ciki a ƙaramin asibitin da ke bayan Tsafe, a hanyar 'Yankuzo, kuma Laraba biyu ke nan Juwairiyya ba ta zo ba.

Sista Dibora ba ta buƙatar buɗe littafi kafin ta san haka. Asibitin ɗaki biyu ne da rumfa. A takarda ma'aikatansa biyar ne, a zahiri ita kaɗai ce. Biyu sun nemi canjin wurin aiki tun da hanya ta daina aminci, ɗaya ta yi aure ta bi miji Gusau, shi kuwa Malam Buba, wanda aka ce shi ne shugaba, yakan leƙo ne kamar mai dubiya, ya yi sannu da aiki daga bakin ƙofa, ya hau babur ɗinsa. Ita ce mai shara, ita ce mai awo, ita ce mai karɓar haihuwa. In mata sun watse da azahar, ta zauna a bencin da suka tashi, ta buɗe kularta ta ci abinci tana kallon gonar geron da ke tsallaken hanya.

A Gusau aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne daga kudancin Kaduna. Mijinta Zakariya ya rasu shekara shida da suka wuce. Ɗansu ɗaya, Jonathan, yana Kaduna, yakan kira ta ranar Lahadi bayan ta taso daga coci, kuma maganarsa ɗaya ce kullum: ta ajiye aikin nan ta dawo wurinsa. Kaɗaici na damunta, ba ta musun wannan ko a zuciyarta. Amma in ta tafi, wa zai buɗe ƙofar ranar Laraba?

Abin da ya ɗan ɗebe mata kewa a shekarar nan shi ne wani horo da aka kira ma'aikatan lafiya na karkara a Gusau. Mai koyar da su, Malam Aminu, dattijo ne siriri da ba ya ɗaga murya. Ya ce musu akwai binciken da ba sai an zo da farar mota daga birni ba. Ma'aikaci ya dubi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya a wurin aikinsa, ya tsara gyara guda ɗaya, ya gwada, ya lura da abin da ya faru, ya zauna ya waiwaya, sannan ya sake tsarawa. Haka zai yi ta zagayawa har abu ya gyaru. Ya kira shi bincike cikin aiki. Ya kuma ja musu kunne cewa tare da mutane ake yin sa, ba a kansu ba. Dibora ta rubuta wannan jan kunnen da kyau a littafinta, ta ja masa layi biyu, sannan ta manta da shi, kamar yadda ake yi wa yawancin abin da aka ja wa layi.

Matsalar da ta zaɓa ita ce 'yan cikin fari. Sukan zo awo sau ɗaya ko biyu, kansu a sunkuye, mayafi har goshi, da ciki ya kai wata bakwai sai su ɓace. A cikin ashirin da uku da ta rubuta a bara, goma sha bakwai haka suka yi.

A zagayen farko ta ɗauka kunyar zama a rumfa ce, inda duk mai wucewa zai gan su. Ta sa aka kewaye rumfar da zana, ta mayar da benci ciki. Ta lura wata biyu. Masu zuwa sun ƙaru, gaskiya, amma a wata na bakwai suka ci gaba da ɓacewa. Da ta bi gidajen mazajensu sai aka ce sun tafi goyon ciki, wato sun koma gidan iyayensu su haihu a can, kamar yadda ake yi wa duk mai cikin fari. Ta san al'adar tun tana yarinya, ba ta dai taɓa haɗa ta da layukan da ke zama babu komai a littafinta ba.

A zagaye na biyu ta ga ai abin ya zo da sauƙi. Ina ya fi gidan uwa kula? Ta yanka farin kwali ta yi kati, ta rubuta awon jinin kowace mace da ranar da ya kamata ta je asibitin garin iyayenta. Ta kuma shirya maganar da take maimaita wa kowacce.

"Ki tafi da katin nan. In kin ji ciwon kai, ko idonki na ganin hazo-hazo, ko ƙafa ta kumbura, ki gaya wa mamarki nan take. Kin ji?"

Duk suka ce to. Juwairiyya ma ta ce to. Yarinya ce 'yar shekara goma sha tara, matar wani manomi mai suna Bashar, doguwa, mai magana can ƙasan maƙoshi. Ranar zuwanta na ƙarshe jininta ya hau har ɗari da hamsin, ƙafafunta sun cika takalmi. Dibora ta ba ta ƙwayoyin mako biyu, ta ce ta dawo Laraba mai zuwa ko da ana ruwan sama. Hawan jini ga mai cikin fari ba abin wasa ba ne. In aka bar shi yakan kai ga jijjiga, jijjiga kuma takan tafi da uwa da ɗa a yini guda. Dibora ta ga haka da idonta fiye da sau ɗaya.

Ta kira lambar Bashar. Ya ce an kai ta Bungudu gidan iyayenta, tana lafiya, ya kashe waya da sauri kamar an kama shi da laifi. Ta kira ma'aikatan da ta sani a garuruwan da mata bakwai suka tafi da katinta. Ko ɗaya ba a gani ba. Ta kira Malam Aminu ranta a ɓace, ta zayyana masa komai. Ya saurara har ta gama.

"Su matan me suka ce?" in ji shi.

"Sun ce to."

"A'a, Sista. Kin gaya musu, sun ce to. Tambayarsu fa, kin yi?"

Ta ji haushin tambayar. Washegari Alhamis ta aika gida-gida cewa tana gayyatar mata hira da hantsi. Ta dama kunun gyaɗa cike da bokiti, ta shimfiɗa tabarmi uku a rumfa, ta zauna da littafi da biro. Damina ce, kowa na gona ko yana dafa wa 'yan gona. Hantsi ya yi, ya wuce. Kaji suka shigo suka zagaya tabarmin suka fita. Ta ji kunya ta kama ta, irin ta wanda ya yi girki ya rasa mai ci.

Mutum ɗaya ta zo, ita ma ba don taron ba. Goggo Rahama ce, tsohuwar ungozomar garin, ta zo karɓar man shafawa na gwiwa. Ta ga kunu, ta zauna, ta sha kofi biyu. Da babu kowa sai ita, Dibora ta yi mata tambayoyin da ta tanada wa mata talatin. Ta nuna mata katin, ta faɗa mata abin da take ce wa 'yan cikin fari.

Tsohuwar ta ajiye kofi ta yi dariya har da tari.

"Ke dai Sista, Allah shi ba ki lada, amma kin iya shirme. Uwatta kic ce ta hwaɗa ma?"

"To wa za ta gaya wa in ba mamarta ba?"

"Ɗiya ta buɗe baki ta yi ma uwatta zancen ciki? Ina kit taɓa ji? Ai ko da cikin ya kai mata haɓa, su biyun yi sukai kamar ba su gan shi ba. Balle Juwairiyya, da take ɗiyar hwari. Uwatta ko sunanta ba ta kira. Ba ta zama ta yi hira da ita, ba ta dubanta ido cikin ido. Tun da anka haihe ta haka suke."

Dibora ta san ana kunyar ɗan fari. Ta sha jin mata na cewa "wancan" ko "yaron nan" don kada su ambaci suna, ta ɗauke shi abin raha. A gidansu ita da mahaifiyarta har faɗa suke yi su shirya a kan tabarma ɗaya. Ba ta taɓa tsayawa ta yi tunanin yadda ciwon kai zai bi ya isa kunnen uwar da ba a yi wa magana ba.

"To in abu ya same su, wa suke gaya wa?"

"Kaka mana. Ko goggo, ko wata ƙanwar uwa da suke wasa. Kaka kam ba abin da jika ba ta hwaɗa mata, har zagi." Goggo Rahama ta miƙe ƙafa tana murza gwiwa. "Ita wagga kakatta ta rasu bara, da azumi. Ban san wa gare ta yanzu ba."

Dibora ta ajiye biro. Ta ƙirga kwanaki. Ƙwayoyin sun ƙare tun jiya, in ma ta sha su. Kuma ita ce da bakinta ta ɗora wa yarinyar abin da ba za ta iya ba, ta rubuta a littafi cewa an yi mata bayani.

Ba ta wanke bokitin kunun ba. Ta zuba na'urar awon jini da allurar hana jijjiga a jaka, ta tambayi Goggo Rahama sunan mahaifin yarinyar, ta kulle asibiti. Babur ya kai ta Tsafe. A tasha ta jira mota ta cika, jiran da ya yi mata kamar yini. Suka wuce duwatsun Kwatarkwashi, damina ta sa musu kore a gindi, mutanen motar na ta zancen taki da farashin masara, ita kuwa tana rungume da jaka a cinya. A Gusau ta sauka ta sake wata motar. Ana kiran sallar la'asar ta isa Bungudu, tana tambayar gidan Malam Manu mai awon hatsi.

Abin da ta fara gani a tsakar gidan itace ne. An tula shi a jikin katanga har ya kusa kai tsayinta, an lulluɓe da tsohuwar leda saboda ruwa. Ga sabuwar babbar tukunya a kife, ga gero an surfe an shanya. Duk tanadin wankan jego ne. Wata mace mai kimanin shekara arba'in ta taso daga bakin murhu tana goge hannu a zane. Dibora ta gane ta tun kafin ta yi magana, tsayinsu ɗaya da 'yarta. Ita ce Halimatu Sadiya, mahaifiyar Juwairiyya.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo da Dibora ta so ta datse amma ba dama. Sannan ta faɗi ko ita wace ce, da inda ta fito.

"Na zo ganin Juwairiyya ne."

Matar ta kawar da kai da jin sunan. Ta nuna wani ɗaki da haɓa.

"Tana ciki. Kwana ukku ba ta hito ba sai da dalili."

"Ta ce wani abu na damunta?"

"Ba ta ce ba."

"Kin tambaye ta?"

Halimatu Sadiya ta dubi ƙasa. Da ta ɗago, idonta ya kaɗa.

"Na ga ƙahwahun. Na ga huskar. Nakan aje mata hura bakin ƙohwa, in ta sha in gani, in ba ta sha ba in gani. Jiya ba ta sha ba." Ta share ido da bakin zane. "Na ce ma malam ko a kira wani, yac ce nauyin ciki na."

A ɗakin, Juwairiyya na kwance ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Fuskarta ta kumbura har idanun sun ƙanƙance. Ta ga Dibora, ta yi yunƙurin tashi don ladabi, ta kasa. Katin na nan a ƙarƙashin matashi, ta zaro shi ta miƙa kamar ɗaliba mai nuna ba ta yar da aikin da aka ba ta ba. Tsaf yake, ko lanƙwasa babu.

"Kaina, Sista," ta ce a hankali. "Kuma ina ganin wuta-wuta."

"Tun yaushe?"

"Kwana huɗu."

"Me ya sa ba ki..." Dibora ta haɗiye sauran. Ta riga ta san amsar, kuma ba yarinyar ce ya kamata a tuhuma ba.

Na'ura ta nuna ɗari da tamanin. Ta leƙa ta ce wa uwar a nemo mota yanzu-yanzu, Gusau za a tafi. Ta dawo tana fasa kwalbar allura, hannunta na aiki da kansa. Ba ta gama zuƙa ba ta ga gefen bakin yarinyar ya fara rawa. Idanu suka juye, jiki ya sandare, sannan ya ɗauki karkarwa har gadon na bugun bango.

Dibora ta juya ta gefe, ta tallafe kanta. Wata maƙwabciya ta faɗo ɗakin da cokali za ta tura mata a baki, Dibora ta daka mata tsawa ta ja da baya. Sai ga Halimatu Sadiya a bakin ƙofa. Ta tsaya daidai inda take ajiye fura, kamar an ja mata layi a ƙasa. Daga nan ta tsallake. Ta zube a gaban gadon ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu.

"Juwairiyya! Juwairiyya! Ke Juwairiyya, ki dube ni!"

Muryar ta fito a karye, sunan na yi mata nauyi a harshe kamar baƙon abu. Maƙwabciyar ta rufe baki da mayafi. Dibora ta jira karkarwar ta lafa, ta yi allurar, ta duba numfashi. Cikin ɗan lokaci mota ta tsaya a ƙofar gida. Har suka isa babban asibiti a Gusau, kan yarinyar na cinyar uwarta.

Likitoci suka yi mata aiki kafin magariba. Aka ciro 'ya mace, ƙarama, amma da kukanta. Juwairiyya ta farfaɗo washegari.

Dibora ta koma bakin aikinta. Bokitin kunu ya yi tsami, ta wanke, ta naɗe tabarmi. Ta zauna a benci ta buɗe littafin bincikenta a shafin waiwaye, ta rubuta ba tare da ta yi wa kanta sassauci ba: gyaran zagaye na biyu ya gaza, domin mai binciken ta aiki mata wurin wanda ba za su iya yi wa magana ba, kuma ba ta tambaye su ba. A ƙasa ta rubuta tsarin zagaye na uku. Kafin kowace mai cikin fari ta tafi goyon ciki, za a tambaye ta, a gidan da za ki, wa kike iya gaya wa? Sunan wannan za a rubuta a kati, ita za a nema a yi wa bayani. Goggo Rahama ta yarda za ta riƙa zama ranar Laraba, in dai da kunu. Abin da ya faru a bakin gadon nan kuwa ba ta rubuta ba. Ta ga ba nata ba ne.

Ranar Litinin ta koma Gusau dubiya. Ta tarar da dangin Bashar sun cika gefen gadon, jaririyar na hannun wata goggonsa. Juwairiyya ta juya fuska bango, ko kallon inda 'yar take ba ta yi, kamar yadda ya dace da mai 'yar fari a gaban manya. Sai da suka fita sallar azahar suka bar jaririyar a gefenta, sannan ta saki jiki. Ta sa ɗan yatsa ta taɓa tafin ƙafar 'yar, ta janye.

Dibora ta ja kujera. Ta ce mata jinin bai gama sauka ba, kuma Bungudu za a mayar da ita wanka har kwana arba'in, ciwon kan na iya dawowa. Ta fito da sabon kati da biro.

"Wannan karon tambayarki zan yi. In kin ji wani abu a can, wa za ki iya gaya wa?"

Juwairiyya ta daɗe tana tunani. Dibora na ganin yadda take bin mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya a zuciyarta, tana ajiye su.

"Ke," ta ce.

Dibora ta sunkuyar da kai ta rubuta sunanta da lambar wayarta a gurbin da ta tanada don kaka ko goggo. Rubutun ya ɗan karkace. An daɗe rabon da wani ya zaɓe ta a wani abu.

"Sista." Muryar ta ƙara yin ƙasa. "Wai an ce Inna ta kira sunana."

"Ta kira."

"Da bakinta?"

"Da bakinta. Sau uku."

Yarinyar ta lumshe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shige kunne, ba ta share ba.

"Ban taɓa jin shi bakinta ba," ta ce. "Ga shi ta hwaɗa, ban ji ba. Ƙaƙa ta hwaɗe shi?"

Dibora ta ajiye katin. Tana iya faɗin awon jinin ranar, da sunan allurar, da mintin da jijjigar ta ɗauka. Wannan kam ba ta san yadda za ta maimaita shi ba. Ta kama hannun yarinyar ta riƙe, har aka fara jin takun masu dawowa daga salla.

A waje, a gindin wata dalbejiya, Halimatu Sadiya na zaune a kan tabarma ita kaɗai, kwanon fura a rufe a gabanta. Kwana huɗu ke nan a nan take yini, ba ta shiga ɗakin ba tun da aka ce an farfaɗo. Ta ga Dibora ta taso, suka gaisa. Ta yi godiya, ta yi addu'a, ta ƙara godiya. Sannan ta dubi ƙasa, ta gyara bakin mayafi.

"Waccan ta ci abinci?"

"Ta ci," in ji Dibora.

"To madalla."

Ta miƙa mata kwanon furar, ta roƙe ta ta shigar mata da shi.